Lissafi Da Garkuwar Jiki: Yadda Masana Ke Auna Yaƙin Da Jiki Ke Yi Da Kansa

Gabatarwa

A cikin jikin kowane ɗan Adam akwai wata runduna wadda ba ta barci dare da rana, aikinta kuwa shi ne tsare jiki daga ƙwayoyin cuta. Wannan runduna ita masana ke kira garkuwar jiki, kuma mafi yawan mayaƙanta fararen ƙwayoyin jini ne. A wajajen shekarar 1901 wani masani Bajamushe mai suna Paul Ehrlich ya nuna cewa lallai jiki yana da wata dabara da ke hana wannan runduna juyowa kan mai ita. Haka abin yake ga mafi yawan mutane. Amma a yau an san cututtuka fiye da 80 waɗanda a cikinsu garkuwar jiki ke far wa gaɓoɓin jikin da aka ba ta tsaro. Daga cikinsu akwai wani nau'in amosanin gaɓoɓi, da cutar da ke cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, da kuma ciwon sukari nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa.

Wannan maƙala za ta ɗauki ciwon sukari nau'i na ɗaya a matsayin misali, domin a ga yadda masana lissafi suka shiga cikin wannan bincike da alƙalami da takarda da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ɗalibin da ya iya tarawa da ɗebewa da ninkawa zai iya bin kowane mataki.

Wurin da ɓarnar ke aukuwa

A bayan tumbin mutum akwai wata gaɓa da ake kira fankiriyas. A cikinta akwai wasu 'yan ƙananan tarin ƙwayoyin halitta, warwatse kamar tsibirai a cikin tabki, waɗanda wani ɗalibin likitanci a birnin Balin, Paul Langerhans, ya fara gani a shekarar 1869. Yawansu ya kai kimanin miliyan ɗaya a jikin baligi, amma duk da haka ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na gaɓar ba. A cikin tsibiran ne ƙwayoyin da ake kira beta suke, kuma su ne ke samar da sinadarin insulin, wanda ke buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga tsoka da sauran sassan jiki.

Idan garkuwar jiki ta karkashe ƙwayoyin beta, sai sukari ya taru a cikin jini. Yaro ya kama yawan fitsari da ƙishirwa, yana ci yana ramewa, in kuwa ba a gane ciwon da wuri ba sai ya suma, har a rasa shi. Kafin Frederick Banting da Charles Best su tace insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, a kuma fara yi wa marar lafiya allurarsa a 1922, duk yaron da ciwon ya kama ba ya daɗewa. Allurar insulin tana ceton rai, sai dai ba ta mayar da ƙwayoyin da suka mutu, don haka mai ciwon zai rayu da ita har ƙarshen rayuwarsa. A wuraren da insulin ke da tsada ko wuyar samu, wannan nauyi ne mai girma a kan iyali.

Babbar matsalar masu bincike ita ce, ana shafe watanni ko shekaru ana wannan kisa a ɓoye. Ranar da alamomi suka bayyana, mafi yawan ƙwayoyin beta sun riga sun tafi. Ba kuma zai yiwu likita ya riƙa yanka cikin yaro mai lafiya don ya ga abin da ke gudana ba. Abin da ido ba zai iya bi ba, shi ake nema lissafi ya bi.

Mayaƙan da ke cikin fagen

Iri uku na ƙwayoyin garkuwa ne suka fi muhimmanci a wannan labari. Na farko su ne masu shara, waɗanda masana ke kira makurofaj. Aikinsu haɗiye ƙwayoyin cuta da gawarwakin ƙwayoyin jiki, sa'an nan su ɗaga guntayen abin da suka haɗiye a bayansu don sauran mayaƙa su gani.

Na biyu su ne ƙwayoyin T masu kai hari. Ana haifar su a cikin ɓargo, a yi musu horo a wata gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimus. Kowace ƙwayar T siffa ɗaya tak take ganewa. A wurin horon nan fiye da kashi 90 cikin 100 suke mutuwa, kuma daga cikin waɗanda ake zubarwa har da masu ɗaukar naman jiki a matsayin abokin gaba. Duk da wannan tankaɗe da rairaya, wasu kaɗan sukan kuɓuta su shiga jini, ko a jikin mai cikakkiyar lafiya.

Na uku su ne ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda ke kwantar da hankalin masu kai hari. Shimon Sakaguchi na ƙasar Japan shi ya fayyace su a 1995, ya nuna cewa ɓerayen da aka raba da su sukan kamu da cututtukan da jiki ke yaƙar kansa. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka suka gano ƙwayar gadon da ke da hannu a aikinsu. Su ukun ne suka karɓi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2025.

Akwai wani hali na ƙwayoyin T da ya sa lissafi ya zama dole. Idan ƙwaya ɗaya ta ga siffar da ta sani, sai ta kama rabuwa biyu, a lokacin da abin ya yi zafi kusan kowane awa 8. Wato sau 3 ke nan a yini, sau 21 a mako. Mai karatu ya ninka 2 da kanta har sau 21, zai sami 2,097,152. Ashe ƙwaya guda da ta yi kuskure tana iya zama runduna ta miliyan biyu cikin kwana bakwai, muddin ba abin da ya taka mata birki.

Darasi daga kasuwar kifi

Hanyar lissafin da ake amfani da ita a nan ta girmi ilimin garkuwar jiki na zamani. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani masanin halittun ruwa a Italiya, Umberto D'Ancona, ya duba littattafan kasuwannin kifi na gaɓar tekun Adiriyatik. Ya lura cewa a shekarun yaƙin, lokacin da masunta suka rage fita, kifayen da ke cin 'yan'uwansu sun ƙaru ƙwarai. A tashar Fiyume sun tashi daga kusan kashi 12 cikin 100 na kamun 1914 zuwa kashi 36 a 1918, daga baya suka sake sauka. Ya kai wannan mamaki wurin masanin lissafi Vito Volterra, wanda ya buga amsarsa a 1926. Alfred Lotka a Amurka ya riga ya kai ga irin wannan lissafi a 1925, shi ya sa ake haɗa sunayensu biyu.

Tushen dabarar ƙa'ida ɗaya ce wadda kowane makiyayi ya sani: canjin da ake samu a garke daidai yake da abin da aka haifa, a ɗebe abin da ya mutu. Volterra ya rubuta jimlolin lissafi guda biyu. Ta farko ta ce ƙananan kifaye suna ƙaruwa da haihuwa, suna raguwa gwargwadon yawan haɗuwarsu da manya. Ta biyu ta ce manyan suna ƙaruwa gwargwadon abin da suka ci, suna raguwa da mutuwa. Da ya warware su sai ya ga yawan kowane ɓangare yana hawa yana sauka ba tsayawa. Ƙanana su yawaita, manya su sami abinci su biyo baya, ƙanana su ragu, yunwa ta rage manya, ƙanana su sake tashi. Kullum hawan manya yana zuwa ne bayan hawan ƙanana.

Irin waɗannan jimloli, waɗanda ke kwaikwayon halin wani abu na zahiri, su ake kira samfurin lissafi. Amfaninsu a likitanci ya fito fili a 1995 da 1996, lokacin da likita David Ho da masanin lissafi Alan Perelson da abokan aikinsu suka auna yadda ƙwayar cutar ƙanjamau ke raguwa a jini bayan an ba da magani. Lissafin ya nuna cewa jikin mai cutar yana samar da ƙwayoyin kimanin biliyan 10 a kowace rana, ko a shekarun da ake ganin kamar cutar tana kwance. Wannan sakamako yana cikin hujjojin da suka ƙarfafa haɗa magunguna uku a lokaci guda.

Ɓeran da ke kamuwa da ciwon sukari

A 1980 masu bincike a Japan suka ba da labarin wani jinsin ɓera da ake wa laƙabi da NOD, wanda ke kamuwa da ciwon sukari nau'i na ɗaya da kansa, musamman matan. Tun daga lokacin ya zama dabbar da aka fi nazarin wannan ciwo a kanta. An gano abubuwa biyu. Na ɗaya, a makonnin farko bayan haihuwa, ƙwayoyin beta masu yawa sukan mutu a lokaci guda a jikin ɓeraye, masu lafiya da marasa lafiya, domin gaɓar tana sake tsarin kanta. Na biyu, masu sharar ɓeran NOD suna da nawa wajen haɗiye gawarwaki idan aka gwada su da na ɓera mai lafiya.

Gawar ƙwayar halitta iri biyu ce. Wadda aka kwashe da wuri tana tafiya salin-alin, ba ta tayar da hankalin kowa. Wadda aka bari ta daɗe sai ta ruɓe ta fashe, abin cikinta ya zube. Masu sharar da suka haɗiye irin wannan ruɓaɓɓiyar gawa sukan saki wasu sinadarai masu kiran taimako, waɗanda kuma guba ne ga ƙwayoyin beta da ke kusa. Ta haka gawa ke haifar da wata gawa.

A 1999 wata ƙungiya a birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak, wadda ta haɗa da Birgitte Freiesleben De Blasio da Jørn Nerup, ta rubuta wannan zagaye cikin jimlolin lissafi, tana mai cewa farkon ciwon rushewar daidaito ne. A 2006 Athanasius Marée da Leah Edelstein-Keshet da Diane Finegood da Richard Kublik, a yankin Bankuba na Kanada, suka zuba wa samfurin alƙaluman da aka auna daga masu sharar ɓeraye na gaske. Samfurin farko ya kasa: ya kan nuna ko dai duka jinsunan biyu su kamu, ko duka su tsira, alhali ba haka ake gani a ɗakin gwaje-gwaje ba. Da suka gyara shi, suka sa cewa ruɓaɓɓiyar gawa ce kaɗai ke sa a saki guba, sai lissafi ya dace da zahiri. Guguwar mutuwa iri ɗaya takan lafa a jikin ɓera mai lafiya, amma a jikin NOD sai ta zama kumburi mai ɗorewa. Bambancin saurin shara kaɗai ya isa ya bayyana wannan.

Gwajin da za a iya yi a aji

Ga wani ƙaramin samfuri da muka ƙaga domin allo. Alƙalumansa na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi. A ɗauka masu shara suna iya kwashe gawa 100 a yini, kuma kowace gawa da ta kwana ba a kwashe ba tana jawo mutuwar ƙwayoyi 2 washegari. Ƙa'idar ke nan:

gawar gobe = 2 × (gawar yau − 100)

In gawar yau ba ta wuce 100 ba, ta gobe sifiri ce. Mu fara da 190. Washegari za a sami 180, sa'an nan 160, 120, 40, daga nan sifiri. Cikin kwana biyar wuri ya yi tsaf. Yanzu mu fara da 210. Za a sami 220, 240, 280, 360, 520, 840, abin sai gaba yake yi. Tazarar 20 kacal ce tsakanin farkon biyu, amma ƙarshensu ya yi hannun riga. Wanda ya fara da 200 daidai zai ga 200 kullum. Wannan adadi shi ne iyaka: ƙasa da shi lafiya, sama da shi ciwo.

Sai mu raunana masu sharar, mu ce 80 suke iya kwashewa. Iyaka ta sauko zuwa 160. Guguwar nan ta 190 da ta wuce lami lafiya ɗazu, yanzu za ta ba da 220, 280, 400, 640. Guguwa ba ta canja ba, ƙarfin shara ne ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Malami zai iya sa ɗalibai su mayar da 2 ɗin nan 3, su nemo sabuwar iyaka da kansu. Ga masu shara 100 amsar ita ce 150.

Samfuran masana sun fi wannan sarƙaƙiya, domin suna bin adadi huɗu ko biyar a lokaci guda, kuma suna da rufin da ke hana lambobi tashi ba iyaka. Amma darasin ɗaya ne. Jiki guda yana iya samun mazauni biyu masu ɗorewa, na lafiya da na ciwo, da tudu a tsakaninsu, kamar dutsen da ke iya zama a ɗayan ramuka biyu. Ƙaramin girgiza ba ya fitar da shi. Babban girgiza na ɗan lokaci, kamar wata cuta da ta zo ta wuce, yana iya tura shi ɗaya ramin, ya kuma zauna can bayan girgizar ta daɗe da ƙarewa. Wannan yana taimakawa wajen fahimtar dalilin da tagwaye masu gado iri ɗaya, ɗaya kan kamu ɗaya ya tsira, da kuma dalilin da ke sa a kasa gano abin da ya tayar da ciwon a ranar da aka kai yaro asibiti.

Irin wannan mazauni biyu shi Kalet León na Kyuba da Jorge Carneiro na Fotugal da abokan aikinsu suka samu a 2000, da suka rubuta lissafin gogayya tsakanin ƙwayoyin T masu kai hari da masu tsawatarwa. A samfurinsu, ɓangarorin biyu suna rububin wurin zama a jikin ƙwayoyin da ke nuna musu siffofi. In masu tsawatarwa suka yi rinjaye a wuraren, sai su riƙe masu hari a ƙasa. In masu hari suka cika wuraren, sai masu tsawatarwa su kasa dawowa.

Harin da ke zuwa yana komawa

A 2003 Jacqueline Trudeau da abokan aikinta a Kanada suka riƙa ɗibar jinin ɓerayen NOD mako-mako suna ƙirga ƙwayoyin T masu gane beta. A jikin ɓerayen da daga baya suka kamu, yawan ƙwayoyin ya riƙa hawa yana sauka kamar igiyar ruwa kafin ciwon ya bayyana. A 2007 Joseph Mahaffy da Edelstein-Keshet suka nuna da lissafi cewa ba sai an sami wani sabon dalili daga waje a kowane karo ba, tsarin da kansa yana iya haifar da wannan hawa da sauka. Masu hari su kashe beta, guntayen gawa su isa kaluluwa, a can a tayar da sababbin masu hari, amma sai bayan 'yan kwanaki suke isa fagen. Kafin su iso na farkon sun mutu. Wannan jinkiri tsakanin sanadi da sakamako shi ke kaɗa lambobi, kamar yadda ya kaɗa kifayen Volterra. Kowane zagaye kuwa yana tafiya da wani kaso na ƙwayoyin beta.

Akwai amfani na zahiri a nan. Idan yawan masu hari yana hawa yana sauka, gwajin jini na rana ɗaya zai iya faɗawa a lokacin sauka ya yaudari likita. Haka nan magani ɗaya zai iya yin aiki ko ya kasa, gwargwadon lokacin da aka ba da shi.

Iyakar lissafi

Samfurin lissafi ba ya fin alƙaluman da aka zuba masa inganci. Da yawa daga cikin alƙaluman an auna su ne a jikin ɓera ko a cikin kwanon gwaji, ɓera kuwa ba mutum ba ne: magunguna masu yawa da suka hana ciwon a jikin NOD sun kasa a jikin mutane. Haka kuma samfura biyu masu bayani daban suna iya dacewa da sakamako ɗaya, sai sabon gwaji ne zai raba gardama. Babban aikin samfuri shi ne ya tilasta wa mai bincike ya faɗi zatonsa dalla-dalla, ya kuma nuna masa in zaton ba zai iya haifar da abin da ake gani ba, kamar yadda ya faru da samfurin Kofanhegan na farko.

Batun lokaci kuwa ya sami shaida daga asibiti. A 1994 Lucienne Chatenoud da abokan aikinta a Faransa suka nuna cewa gajeren magani mai dakushe ƙwayoyin T yana iya juyar da ciwon a jikin ɓerayen NOD, lafiyar kuma ta ɗore bayan an daina ba da shi. A 2019 aka buga sakamakon gwajin wani magani irin wannan, teplizumab, a kan mutum 76 'yan'uwan masu ciwon, waɗanda jininsu ya nuna harin ya fara amma alamomi ba su fito ba. An ba da shi na kwana 14 kawai. Matsakaicin lokacin bayyanar ciwon ya kai kimanin wata 48 ga waɗanda suka karɓa, wata 24 ga waɗanda ba su karɓa ba. A watan Nuwamba na 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi. Jinkirta ciwon yake yi, ba ya warkar da shi, amma shekara biyu ba tare da allurar kullum ba abu ne mai daraja ga yaro da iyayensa.

Kammalawa

Mun ga yadda ƙa'idar haihuwa da mutuwa, wadda aka fara gwadawa a kan kifayen Italiya, ta kai masana ga fahimtar abubuwa uku game da ciwon sukari nau'i na ɗaya: akwai iyaka tsakanin lafiya da ciwo, ɗan rauni a aikin shara yana iya saukar da iyakar, kuma jinkiri yana sa hari ya riƙa zuwa yana komawa. Ɗalibin da ke son ilimin halittu kada ya yi wasa da darasin lissafi, haka mai son lissafi kada ya raina ilimin halittu, domin waɗanda suka yi ayyukan da muka ambata sai da suka haɗa biyun. Ga malamai kuma, yaron da aka ga yana yawan neman izinin fita fitsari, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana kuma ramewa, a gaggauta sanar da iyayensa su kai shi asibiti a auna sukarin jininsa a ranar, kada a jira.